Yadda za ka ba mai ƙaramar sana'a rance ko jari, kuɗi su dawo zumunci ya tsira

Duk wanda Allah Ya hore wa ɗan abin hannu a Katsina, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa, ya san irin buƙatar da ake kawo masa: maƙwabciya mai ƙuli-ƙuli jarinta ya karye, ƙanen aboki yana son keken ɗinki, mai shayin bakin layi yana son ya riƙa saro madara da katan maimakon gwangwani-gwangwani. Kuɗin da suke nema ba su taka kara sun karya ba, dubu talatin ne ko hamsin, amma banki ba zai saurare su ba, manhajojin bashi na waya kuwa kuɗin ruwa za su ɗora musu, in sun makara a bi lambobin da ke wayarsu ana ci musu mutunci. Mu da muke zaune tare da su mu ne bankinsu. Matsalar ita ce yawancinmu muna bayarwa ne a tsaye, cikin jin nauyi, ba rubutu ba shaida, bayan wata shida kuma a daina gaisawa.

Abu na farko, tun kafin ka taɓa aljihu, ka yanke wa kanka hukunci: kyauta zan yi, rance zan bayar, ko jari zan zuba? Kowanne da hukuncinsa, kuma cakuɗa su shi ne tushen kusan duk rigimar da ake kaiwa gaban mai unguwa. Kyauta ba ta dawowa. Rance yana dawowa daidai yadda ka bayar, ko sisi ba ya ƙaruwa, ribarsa tana wurin Allah. Jari yana iya dawowa da riba, yana kuma iya tafiya gaba ɗaya ba ka da wanda za ka riƙe. Wanda yake son ribar jari tare da tabbacin rance, abin da yake nema shi ne kuɗin ruwa, ko da wane suna ya sa masa. Ka faɗa wa mai karɓa da bakinka wanne ne a ciki, a gaban mutane, kada ka bar shi ya yi zato.

Daga nan sai ka ware kuɗin. Kada su fito daga kuɗin cefane, ko na haya, ko na makarantar yara. Ka ɗebi abin da in ya salwanta duka za ka ji zafi amma gidanka ba zai girgiza ba, ka ajiye shi daban, in da hali a asusun banki na musamman, don kada ya gauraya da kuɗin sha'aninka. Kuma ka shiga da idonka buɗe game da faɗuwar darajar naira. A watan Disamba na 2024 alkaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ma'ana, wanda ya ranta naira 100,000 a ƙarshen 2023 aka biya shi cif bayan shekara, abin da kuɗin za su saya masa bai wuce na kimanin naira 74,000 na da ba. Wannan giɓin ba ka da ikon ɗora wa mai bashi shi daga baya. Ka ƙudurta shi a matsayin sadakarka tun farko, sannan ka gajarta wa'adi: wata uku zuwa huɗu ya fi shekara.

Kada kuma ka zube kuɗin a hannu ɗaya. Mu ɗauka ka ware naira 300,000. Ka raba wa mutum shida, dubu hamsin-hamsin, masu sana'a daban-daban. In duk 'yan babbar kasuwa ne, gobara ɗaya irin ta watan Maris na 2021 za ta haɗa su gaba ɗaya. In duk masu harkar Jibiya da Mai'aduwa ne, rufe iyaka irin na 2019 ko na bayan juyin mulkin Nijar a 2023 zai tsayar da su rana guda. Ka haɗa da tela, da mai abinci, da mai kiwo, da mai gyaran waya.

Zaɓen mutum

Nan ne aikin yake, nan kuma ya kamata ka ɓata lokaci. Tausayi shi ke sa ka bayar, amma ba shi zai zaɓa maka wanda za ka ba ba. Wanda ba shi da abin sawa a baki yau, ko yake da mara lafiya a asibiti, ba rance yake buƙata ba, sadaka yake buƙata ko zakka. In ka ranta masa ka ƙara masa kaya ne, domin kuɗin ciki za su shiga, ba abin da zai haifo na biya. Rance na wanda yake da sana'a a hannu ne, yana da masu saye, abin da ya rage masa kawai kuɗin da zai ƙara kaya.

Ka je wurin sana'ar da ƙafarka, a lokacin da ake cikinta. In mace ce mai sana'ar cikin gida, matarka ko 'yar'uwarka ta shiga. Wata dattijuwa mai ƙuli-ƙuli a wajen Ƙofar Marusa, da aka tambaye ta lissafinta, tana tsugune gaban kasko tana juya ƙulin cikin mai, ba ta ko ɗago ba ta jero shi: kuɗin tiyar gyaɗa, kuɗin suya da niƙa, kuɗin itace, kwalabe nawa na mai ke fita, nawa ƙulin ke kawowa, da ladan yarinyar da ke kaiwa shaguna.

"To Inna, in aka ƙara miki dubu arba'in, mi za ki yi da su?"

"Buhu zan saya, ɗan nan, tun gyaɗa ba ta tashi ba. Awon tiya-tiya shi ke cinye mani riba."

Wannan amsar ita ake nema. Ta san inda ribarta ke zurarewa, ta san abin da kuɗin za su toshe. Wanda ka tambaya ya ce "kowace sana'a ma zan iya, in dai an samu jarin," ka dakata masa. Ka tambayi abu huɗu ko biyar kawai: tun yaushe kake wannan sana'a, nawa kake ciniki a ranar kasuwa da ranar da babu kasuwa, wa ke binka bashi yanzu, kana zubin adashe, kuma a wurin wa. Tambayar adashen tana da muhimmanci ƙwarai, domin uwar adashe ta fi kowane ma'aikacin banki sanin mai cika alkawari a unguwa. Wanda ya yi kwasar farko kuma ya ci gaba da zubi har ƙarshe, ya riga ya ci jarrabawa. Ka kuma tambayi wanda yake saro kaya a wurinsa, shi ma ya san halinsa.

Game da matan aure, ni ina ganin a sanar da maigida, ya kuma ji da kunnensa cewa kuɗin na sana'a ne, bashi ne a wuyan matarsa. Jarin mata da yawa ba asara ce ke karya shi ba, "ranta mani na cefane, in an yi albashi zan mayar" ne ke cinye shi. In ya san akwai takarda da shaidu, zai yi nauyin hannu.

Ka fara da kaɗan. Wanda ya nemi dubu ɗari, ka ba shi talatin, ka ce in ya cika za a ƙara. Wannan ba rowa ba ce. Jarin da ya fi ƙarfin sana'a yakan bi ta biki da suna ya fice.

Rubutu da shaidu

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a sa wa'adi sananne, a kafa shaidu, kuma kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Duk da haka sai ka ga mutum yana jin kunyar ɗauko biro don wai kada a ce bai yarda da ɗan'uwansa ba. Ka jingina abin ga ayar, kunya za ta kau. Ka ce, "Yaya, ba don ban yarda da kai ba, umarni ne, kuma akwai mutuwa."

Takardar ba sai lauya ya rubuta ba. Rabin shafi ya isa, da boko ko da ajami, wanda dai mai karɓa zai iya karantawa: sunan mai bayarwa da mai karɓa, adadin kuɗi da lamba da kalmomi, cewa rance ne ba ƙari, ranar fara biya, nawa za a riƙa biya kuma yaushe, ranar gamawa, sa hannu ko dangwale na su biyun da na shaidu biyu. Kowa ya riƙe kwafi, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Ka tura kuɗin ta banki maimakon ka miƙa a hannu, domin alat shaida ce da ba ta mantuwa. In kuɗin suna da ɗan yawa, ka nemi wanda zai tsaya masa, mutumin da shi mai karɓar yake jin nauyinsa, kamar ubangidansa a kasuwa. Jingina ma halal ce, aya ta gaba ta ambace ta, sai dai kada ka karɓi abin da yake sana'ar da shi, kuma kada ka mori abin da aka jinginar maka.

Tsarin biya ya bi yadda kuɗi ke shigowa mai sana'ar. Mai abinci da mai shayi kullum suke ciniki, biyan mako-mako ya fi musu sauƙi. Mai bin kasuwannin ƙauye, Charanci ko Mashi, a sa masa washegarin kasuwa. Mai kiwo sai ya sayar, manomi sai kaka. A misalinmu na mutum shida, in duk masu cinikin kullum ne, ka ba su mako biyu su juya kuɗin, sannan kowa ya riƙa kawo naira 5,000 duk mako har mako goma. Naira 30,000 ke nan ke dawo maka kowane mako, cikin mako biyu ka tara abin da za ka ba mutum na bakwai. Haka kuɗi ɗaya za su zagaya hannu da yawa a shekara, abin da kyauta ba za ta yi ba. Ka sayi littafi guda, kowane mutum da shafinsa, duk biyan da aka yi a rubuta nan take a gaban mai biya.

Akwai wani abu ƙarami da ake sakaci da shi. Da ka ranta wa mai awara, za ka fara ganin yarinya da kwano a rufe ana cewa "in ji Umma a kawo wa yara." Mai shayi zai ƙi karɓar kuɗinka. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce duk rancen da ya janyo wa mai shi amfani ya shiga kuɗin ruwa, don haka in ba dama can kun saba irin wannan kyautar ba, ka biya kuɗin abin ko ka cire daga bashin. Amma in ya gama biya, ya ƙara wani abu don kansa ba da sharaɗi ba, wannan ba laifi, Annabi (SAW) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi.

In riba kake nema

Hanya a buɗe take, sai dai ba ta rance ba. Ta farko ita ce kiradi, wadda bankunan Musulunci irin su Jaiz, da ya fara aiki a 2012, suke kira mudaraba: kuɗi naka, aiki nasa, riba a raba bisa kason da kuka amince tun farko, rabi da rabi ko kashi biyu da ɗaya. Ba a yanka adadi, kamar a ce "duk wata ka kawo mini dubu goma." Misali ka ba mai kiwo naira 200,000 ya sayi raguna ya turke kafin layya. In bayan an cire kuɗin dusa da harawa da magani kuɗi suka zama 260,000, ribar 60,000 ce za ku raba. In rago ɗaya ya mutu ba da sakacinsa ba, aka tashi da 170,000, asarar 30,000 taka ce kai kaɗai, shi ya yi asarar wahalarsa. Ba ya biya sai in ya yi ha'inci, ko sakaci, ko ya saɓa sharaɗi. Mutane da yawa suna son kiradi ranar riba, ranar asara sai su ce ai bashi ne. Wannan zalunci ne. Haka kuma a mazhabar Malikiyya ba a mayar da bashin da kake bin mutum ya zama jarin kiradi yana hannunsa, sai ka karɓi kuɗinka tukuna. Kiradi yana son mai riƙe lissafi, don haka kada ka yi shi da wanda ba ya raba aljihun shago da na gida.

Ta biyu ta fi sauƙin sarrafawa: ka sayi kayan da kanka, su zama mallakinka, sannan ka sayar masa bashi da riba sananna. Keken ɗinki ko injin markaɗe da ka saya 120,000, ka sayar masa 140,000 ya biya cikin wata biyar. Sharaɗin shi ne ka mallaki kayan da gaske kafin ka sayar, ba ka miƙa masa kuɗi ka ce ya je ya saya ya dawo maka da ƙari ba. Kuma farashi in an yanke ya yanku, ko ya makara ba a ƙara masa ko kwabo.

Ta uku ta manoma ce, cinikin salam: ka biya kuɗi duka yanzu, a kawo maka hatsi da kaka, da awo sananne, nau'i sananne, lokaci sananne. Halal ne, amma a nan ne ake yanka talaka da damina, a saye buhun masara ko gero da kuɗin da bai kai rabin abin da kowa ya san zai yi ba, don an ga yana neman taki ido rufe. In za ka yi, ka sa farashin da ba za ka ji kunyar faɗa a gaban jama'ar garinsu ba.

In biya ya tsaya

Zai tsaya, ko ba jima ko ba daɗe, bashi hanji ne. Ranar da aka tsallake biyan farko ka nemi mutumin, kada ka bari sai sun taru ya fara canza hanya in ya hango ka. Ka je don ka ji, ba don ka yi faɗa ba. Mutum biyu ne a nan kuma shari'a ta raba su. Wanda ya shiga ƙunci na gaskiya, rashin lafiya, sata, ko 'yan bindiga sun tashi garinsu kamar yadda ya sha faruwa a yankin Batsari da Jibiya, aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu sauƙi, in kuma aka yafe ya fi alheri. Ka rage masa zubin, ko ka ɗaga masa wata biyu, a rubuta sabon tsarin a bayan takardar. Wanda kuwa yake da hali yake ja maka rai, hadisi ya kira jinkirinsa zalunci. Shi za ka bi mataki-mataki: kai da shi, sannan wanda ya tsaya masa, sannan shaidu da mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwarsu, kotu ita ce ƙarshe. Kada ka kai maganar Facebook, kada ka aika yara su yi masa tsaye a ƙofar gida. Kuma kada ka yafe wa mai taurin bashi don gudun magana, domin sauran biyar ɗin suna kallo, kuɗin kuma na mutum na bakwai ne da ke jiran layi.

Masu tunanin yin wannan ta intanet su san bambancin da ke akwai. Kiva, da aka kafa a Amurka a 2005, tana ba mutum damar ranta wa mai sana'a a wata ƙasa daga dala 25, mai bayarwa ba ya samun ƙari, sai dai cibiyoyin da ke raba kuɗin a ƙasashen galibi suna cajin masu karɓa kuɗin ruwa. Zopa ta Ingila, wadda ta fara haɗa mai rance da mai karɓa kai tsaye a 2005, ta rufe wannan sashe a 2021. A nan gida, duk dandalin da ya ce ka zuba kuɗi za a ranta wa wasu a ba ka riba tabbatacciya duk wata, ka tuna MMM a 2016 da CBEX a 2025, dandalan da suka rushe da kuɗin jama'a. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce. Ka duba sunan kamfanin a jerin hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ko Babban Banki, ka kuma sani inshorar NDIC ajiyar banki take karewa, ba irin wannan zubin ba.

Abin koyi mafi kusa da mu shi ne Akhuwat ta Pakistan, wadda Dakta Amjad Saqib ya fara a Lahore a 2001: rance ba ruwa, ana raba shi a masallatai a bainar jama'a, waɗanda suka amfana kuma su dawo suna ba da gudummawa. Muhammad Yunus ma da dala 27 ya fara, ga mutum 42 a ƙauyen Jobra na Bangaladash a 1976, kafin a kafa bankin Grameen a 1983. Sai dai kada a ɗora wa ƙaramin rance abin da ba zai iya ba. Binciken da masana suka yi a ƙasashe shida, aka wallafa a 2015, ya nuna yana taimaka wa masu sana'a su faɗaɗa harkarsu, amma bai fitar da yawancin masu karɓa daga talauci ba. Wanda ya fi cin moriya shi ne wanda dama yana da sana'a, abin da ya sa na dage a kan zaɓen mutum.

In abokai ko 'yan masallaci suka ga abin ya yi kyau suka ce za su zuba nasu, ku tsaya ku tsara: mutum biyu masu sa hannu a asusu, ma'aji daban da mai rubutu, a karanta lissafi duk wata a gaban kowa. In ya girma ku yi rajistar ƙungiyar gama-kai a jiha, domin karɓar ajiyar jama'a ba lasisi laifi ne a doka. Kada a zuba zakka a asusun rance ba tare da an zauna da malami ba, ita zakka mallaka wa mai ita ake yi. Haka nan ba a yafe wa wanda ya kasa biya bashi a lissafa shi cikin zakka. Kuɗin da ka ranta kuwa, a Malikiyya in sun dawo hannunka bayan shekara ko shekaru kuma sun kai nisabi, zakkar shekara ɗaya za ka fitar.

A shafin farko na littafin nan naka, ka rubuta matsayin kuɗin in ka rasu: dukiyarka ce da magada za su karɓa su raba, ko ka fitar da ita wakafi ta ci gaba da zagayawa, kuma wa zai riƙe ta. In wasiyya ce, ba ta wuce sulusin abin da ka bari. Ka nuna wa matarka ko babban ɗanka inda littafin yake, shaidu biyu su sa hannu a wannan shafin ma.